Robar fitilar baya ta tsohuwar Mercedes: inda ake samunta da yadda ake ɗora ta

Wani matashi mazaunin Makka ne ya aiko da tambayar, ga ta a taƙaice: "Kawu, barka da aiki. Mercedes 230E ce ta 1982 da mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana. Na gyara inji, an yi mata fenti, ta fito tsaf. To amma duk ranar da aka wanke ta sai in tarar da ruwa a cikin but, fitilar baya ta hagu kuma tana gumi daga ciki. Mai fentin ya ce robar fitilar ce ta mutu, wai yanzu ba a samunta, in kawo ya zagaye wurin da silikon a huta. A ina zan samu robar, kuma yaya ake sa ta?"

Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya kai haske kabarinsa. Ɗana, kafin mu je ko'ina, kada ka bari a sa wa motar nan silikon. Mai fentin ya yi gaskiya da ya ce mai yiwuwa robar da ke tare ruwa tsakanin fitila da jikin mota ce, amma maganar cewa ba a samunta ba haka ba ne, kuma maganin da ya kawo ya fi cutar ɓarna. Na shafe shekaru ina kwance fitilu da ɗaura su a sina'iyyar Jidda, wato unguwar makanikai da masu gyaran mota, kuma ba na tuna ranar da na buɗe fitilar da aka liƙe da silikon na yi farin ciki da abin da na gani.

Ga dalili. Silikon ɗin da aka fi samu a shagunan kayan gini, wanda ake sa wa tagogi da bakin baho, idan ka matso shi za ka ji warin khal, wato binega, ya bugi hancinka. Wannan warin ba na banza ba ne, tsami ne yake fitarwa yayin da yake bushewa. A fili iska na kwashe shi, amma a cikin fitila rufaffiya ba shi da wurin zuwa. Sai ya kwanta a kan farin rufin nan mai sheƙi da ke mayar da haske, ya dushe shi, ya bi bakin ƙarafan da ƙwan fitila ke zama a kai ya sa su kore, in kuma ya tarar da inda fenti ya ɗan kwarzane a jikin mota, nan tsatsa za ta fara. Akwai wani silikon marar tsami, to shi ma bai tsira ba, domin ranar da gilashin ya buƙaci fita, sai an yanka, an ɓanɓare, sau da yawa sai gilashin ya tsage. Sannan duk wurin da silikon ya taɓa, fenti ba ya kama shi da kyau. Masu fenti sun san ƙananan ramukan nan masu kama da idon kifi da ke fitowa a sabon fenti, yawanci daga nan suke.

Wata Mercedes 280E da aka taɓa kawo mini har yau tana raina. Daga waje lafiya lau, baƙin silikon an shafe shi sumul kamar da ma haka ta zo. Da na yanka na ciro fitilar, sai ga leɓen ƙarfen da ke ƙasa ya zama kamar ƙanzo, ina taɓawa da ɗan yatsa yana marmashewa a tafin hannuna. Ruwa ya samu wata 'yar kafa ta sama ya shiga, silikon ɗin ƙasa kuma ya hana shi fita, ya zauna yana cin ƙarfe shekara da shekaru. Aikin da robar riyal kaɗan za ta gama, sai da aka yanke ƙarfe aka yi walda aka sake fenti.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, robar fitila, wadda Larabawan sina'iyya ke kira rabala ko jilda, ba da danƙo take tare ruwa ba, kuma ba da ƙarfin ɗauri ba. Da tsalle take tarewa. Ka matsa ta, ita kuma tana turowa, tana cike duk wani ɗan gurbi tsakanin gilashi da ƙarfe, ko mota ta shiga gargada, ko ƙarfe ya buɗe da zafin rana ya koma da sanyin dare. Idan ta tsufa, wannan turowar ce ke mutuwa. Ta kwanta a siffar da aka matse ta, ba ta dawowa. A ƙasar nan kuwa tsufan roba da wuri yake zuwa. Jidda ta taɓa kai digiri 52 a watan Yunin 2010, Makka kuma kai ne za ka ba ni labarin zafinta. Motar da ta yini a rana, ƙarfen bayanta ba ya taɓuwa da hannu. Robar da ta sha wannan fiye da shekara arba'in, idan ka goga mata yatsa za ta bar maka baƙi kamar gawayi, in ka lanƙwasa ta ka ga tsage-tsage kamar ƙasar fadama da rani.

Wasu kan ce ai nan ba ƙasar ruwa ba ce, me za a damu da roba. Wanda ya ga ambaliyar 25 ga Nuwamba 2009 a Jidda ba zai faɗi haka ba, haka wanda ya ga 24 ga Nuwamba 2022, ranar da aka auna milimita 179 cikin awa shida a kudancin gari. Ka ajiye ruwan sama ma gefe, akwai tiyon masu wankin mota mai ƙarfi, akwai raɓar Bahar Maliya mai gishiri, akwai ƙura. Sai babban abin da ba a cika faɗa ba, wato hayaƙin salansa. Idan mota na gudu, iskar bayanta juyawa take yi tana komowa jikin but, kuma da ka ɗan sauke gilashin taga sai cikin mota ya riƙa zuƙo iska daga baya. Duk kafar da ruwa ke bi ya shiga, hayaƙi ma na bi. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari, ba ta da launi, ciwon kai da jin barci a kan sitiyari ne alamarta. Wannan ya sa ba na ɗaukar robar fitila a matsayin kayan ado, musamman ga motar da za a zuba yara a kujerar baya.

Amma kada ka kashe ko halala, wato ko kwabo, sai ka tabbatar ta inda ruwan ke shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon but ɗin wannan mota yana da wuraren tsagewa da yawa: robar gilashin baya, robar murfin but, robar gindin eriya, ramukan da ƙullin ado da tambari ke shiga. Duk ruwan da ya shigo ta waɗannan, gangarowa yake ya taru a ramuka biyun nan na gefe, bayan tayoyi, daidai ƙarƙashin fitilu, sai a ɗora wa fitila laifin da ba nata ba. Ka fitar da komai, ka cire shimfiɗa, ka shanya but ɗin ya bushe ƙarau. Ka barbaɗa hodar jarirai a bangon ciki, kewaye da fitilu da ƙasan gilashin baya. Ka kunna kyamarar wayarka da fitilarta, ka jingina ta a ciki tana kallon fitilar hagu, ka rufe. Kada ka sa yaro a ciki ya duba maka, ko da wasa. Sannan ka saki ruwa da tiyo a hankali, ba mai feshi ba, ka fara daga ƙasa: fitila kaɗai na minti biyar, ka buɗe ka duba, sai bakin murfi, sai gilashin baya a ƙarshe. In ka fara daga sama, ruwa zai jiƙe ko'ina, ba za ka gane komai ba. Sawun ruwa a kan hoda ba ya ƙarya. Tun da kana wurin, ka zura 'yar waya a ramukan zubar ruwa da ke ƙasan ramukan gefen nan, domin ƙura kan toshe su.

Gumin da kake gani a fitilar hagu shi ma yana da fassara biyu. Ɗan hazo da safe wanda ke bajewa da an kunna fitila ko rana ta fito, wannan numfashin fitila ne, ba cuta ba. Fitila ba a rufe ta ruf, dole ta shaƙi iska ta fitar, saboda ƙwai mai wat 21 na birki da sigina zafi yake yi sosai. Amma ɗigon ruwa mai gangarowa, ko ruwa kwance a ƙasan gilashi, wannan shiga yake yi. Ka haska tocila ta ciki da daddare ka bi gilashin da ido, musamman gindin ƙusoshin ɗauri da layin da launi ja ya haɗu da ruwan lemo. Idan akwai tsaga siririya kamar gashi, sabuwar roba ba za ta yi maganinta ba.

Yanzu batun nema. Ka yi sa'ar mota. Irin taka, wadda ake kira W123, an ƙera ta daga 1976 zuwa farkon 1986, kusan guda miliyan 2.7, kuma har yau tana kan titi a Masar da Labanan da Maroko da Najeriya. Motar da ta yawaita haka, kayanta ba sa ɓacewa. Ka fara da lambar shasi, wadda ke jikin istimara, wato katin rajistar mota, da kuma jikin motar. Ta 230E mai ƙofa huɗu tana ɗauke da 123.223, 280E kuwa 123.033 ce, 240D kuma 123.123. Wannan lamba ita ce sunan motarka a wurin masu kaya, ba shekara ba, ba launi ba. Mai dogon baya da ake kira T fitilarta daban ce gaba ɗaya, don haka robarta ba za ta shiga taka ba ko da mai shago ya rantse. Ka ɗauki lambar ka je sashen kayan gyara na wakala, wato Juffali, dillalin Mercedes a Saudiyya, ka ce a buɗe maka katalogi a shafin fitilar baya, a nuna maka zanen, a rubuta maka lambar robar. Lambobin kayan wannan mota yawanci da 123 suke farawa. Ka tambaya ko lamba ɗaya ce ta dama da hagu. Ko ba su da ita a ajiye, ka ce a duba ko za a iya yin oda daga Jamus, domin kamfanin yana da sashen tsofaffin motoci, da cibiyarsa a Fellbach kusa da Stuttgart tun 1993. In ma ba a samu ta nan ba, ka fito da lamba a hannu, kuma lambar ita ce rabin aikin.

Da lambar za ka shiga intanet. Akwai shagunan Jamus da Holan da Amurka da sana'arsu ke nan, kayan tsofaffin Mercedes, kuma akwai kamfanonin da ke sake ƙera robobin. Ka rubuta lambar kawai, kada ka rubuta sunan mota, domin sunan mota tarkace yake jawowa. Ka lissafa kuɗin aikowa da harajin kashi 15 cikin ɗari kafin ka ce ta yi araha. Shawarata ita ce ka sayi biyu, ta dama da ta hagu, ko da ɗaya ce ke yoyo. Tare aka haife su, tare suka sha rana. In kuma robar murfin but ta fara taurin kai, ka haɗa su a kwali ɗaya, kuɗin aikowa ya zama ɗaya.

Tsakanin asali da tijari, wato wadda wasu kamfanoni ke kwaikwayar ta asali su ƙera, ba na cikin masu cewa duk tijari shara ce. Na ga masu kyau, na ga waɗanda ba su kai damina biyu ba. Abin dubawa shi ne irin robar. Wadda ake so ita ce EPDM, domin ita ce ke jure rana da zafi da ruwa. Akwai wata, NBR, gwanar jure mai ce, shi ya sa ake sa ta cikin inji, amma a waje rana ke tsattsaga ta da wuri. A ido duk baƙaƙe ne. Idan mai sayarwa ya rubuta EPDM, alama ce ya san abin da yake sayarwa. In ta iso hannunka, ka danna mata farce ka saki: mai kyau za ta ciko nan take, marar kyau za ta bar maka sawu. Ka shinshina, wari mai hawa kai kamar na ƙonanniyar taya, da maiƙo a jiki, ba alamar alheri ba ne. Ka dubi kusurwoyi, ko an zuba su a siffarsu ko kuwa doguwar roba ce aka lanƙwasa aka liƙa bakinta. Sannan ka ɗora ta a kan tsohuwar ka gwada, amma ka tuna tsohuwar ta ƙanƙance ta kwanta, don haka in sabuwar ta ɗan fi ta kauri, daidai ke nan. Araha ba ta ado, a nan kuwa bambancin kuɗin bai kai na cika tanki ba.

Tashlih fa, wato inda ake farke matattun motoci a sayar da kayansu? Ina son tashlih, rabin ilimina a can na same shi. Ka je don gilashi, don allon da ƙwayaye ke zama, don notuna da washa na asali, ka kuma leƙa Haraj, kasuwar tsofaffin kaya, ko ka sa wani ya duba maka a tashlihin Ha'ir in kana da mutum a Riyad. Amma roba ba a sayenta a tashlih, domin shekarunta ɗaya da taka, zafin ranar da ya ci taka shi ya ci ta. Haka ma wadda wani zai fito maka da ita daga ƙasan kanta, cikin tsohuwar leda mai tambarin tauraro, ya ce asali ce ba a taɓa sa ta ba. Gaskiya ne asali ce, amma roba tana tsufa ko a cikin leda, balle a shagon da ba na'urar sanyaya ɗaki. Ka lanƙwasa ta a gabansa ka duba bayan lanƙwasar kafin ka biya.

Ga masu Cressida da Datsun da Caprice da GMC da za su karanta wannan, da yawa daga cikin motocin Japan da Amurka soso ne shimfiɗaɗɗe a bayan fitilarsu, kuma wannan ana iya yanka shi da hannu. A nemi fallen soson EPDM ko niyofirin mai rufaffun ƙwayoyi, kaurin milimita 3 zuwa 5 gwargwadon gurbin. Gwajinsa mai sauƙi ne: a yanki ɗan guntu a tsoma a kofin ruwa a matse, in ya sha ruwa kamar soson wanka, a bar shi, domin wannan tafki zai zama a jikin ƙarfe. A zana bayan fitilar a kwali, a gwada kwalin a mota, sannan a yanka da sabuwar reza, ramukan kuma a huda su da bututun ƙarfe mai kaifi, ba da almakashi ba. Taka kuwa, ɗana, roba ce mai siffa da ke bin bakin gilashi, yankan hannu ba zai kamo ta ba. In dole ta kama kafin oda ta iso, ka sa igiyar butil, baƙin danƙon nan da ba ya bushewa, wanda ake ɓare shi a goge in an tashi. Na wucin gadi ne, kada ka mai da shi mazauni.

To roba ta iso. A nan ne mutane ke gaggawa, a nan kuma aikin yake. Ka zaɓi safiya ko bayan la'asar, a inuwa. Ka kashe fitilu ka zare makulli, ka ɗauki hoton wayoyi kafin ka taɓa komai. Daga cikin but ake kwance komai: allon ƙwayaye ya fara fita, sannan ƙananan notunan da ke riƙe da gilashi, waɗanda yawanci sifana lamba 8 ke kamawa. Tun daren jiya ka ɗiga musu man kwance tsatsa, ɗigo ɗaya a kan zare, kada ya malala kan gilashi. Ƙusoshin nan a cikin roba mai tauri aka dasa su, in noti ya ƙi ka tilasta shi, ƙusar ce za ta juya a mazauninta, shi ke nan ta lalace. In ya ƙi, ka mayar da shi baya kaɗan, ka ƙara ɗigo, ka jira. Idan duk sun fita gilashin ya ƙi motsi, ka tura shi daga ciki da tafin hannu, wani na tare da shi a waje. Kada ka zura sukundireba tsakaninsa da sabon fentinka.

Da ya fita, ka ajiye shi a kan tawul, ka juyo ka dubi ramin da ya bari. Wannan leɓen ƙarfe shi ne gadon da roba za ta kwanta, kuma tun da ka ce an yi mata fenti, a nan nake zargin matsalarka take. Masu fenti da yawa ba sa cire fitila, takarda suke liƙa mata su fesa. Sai fenti ya yi tudu a bakin tsohuwar roba, wani siririn layi da za ka ji da farce. In kuma an taɓa bugun motar ta hagu aka cike da ma'ajun, wato fila da ake cike lotsawa da ita kafin fenti, leɓen kan yi kauri a wani wuri ya faɗa a wani. Ka ɗora rular ƙarfe a kai ka haska tocila ta baya, ka kwatanta da na dama. Tudun fenti a goge shi da samfefa mai laushi. Lanƙwasa kuwa aikin samkari ne, wato mai gyaran bodi, ya daidaita ta da ƙaramar guduma, ba a cike ta da roba. In ka ga tsatsa, ko ɗigo ce, ka kankare har farin ƙarfe, ka sa maganin tsatsa, ka shafa firamar ifoksi, ka bi da fenti, ka bar shi ya bushe sosai, kwana biyu ko uku, ba awa biyu ba. Sabuwar roba a kan ɗanyen fenti mannewa take, ranar cirewa ta taho da shi. Bakin ramukan ƙusoshi ma a shafa musu, nan tsatsa ta fi son farawa.

Gilashin kuma, wanda a gaskiya ba gilashi ba ne, roba ce mai tauri irin akirilik, ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsohon burushin haƙori kawai yake so. Kada tinar ko fetur ko asiton ko sifirit su kusance shi. Za ka ga ya yi ƙananan tsage-tsage daga ciki kamar ƙanƙara, kuma wannan ba ya gyaruwa. Ka bi kwarin da roba ke zama ka fitar da duk ɓurɓushin tsohuwar da tsinken katako. Ka wanke tsakanin layukan tudu da kwarin nan na wajen gilashin ma. Ba don ado aka yi su ba: Mercedes ta fara su ne a motarta SL ta 1971, don ko laka ta rufe tudun, kwarin ya rage da tsabta haske ya fita. Farin rufin ciki mai sheƙi kuwa kada ka goge shi da tsumma, siriri ne ƙwarai, hura masa iska ya isa. Ka bar komai ya bushe har cikin lungu, in ba haka ba ka rufe ruwa a ciki da hannunka, gobe ka ce roba ba ta yi ba.

Sabuwar robar ka shimfiɗa ta a rana minti goma ta saki jiki daga naɗin leda. Ka fara zaunar da kusurwoyi huɗu, sannan ka bi tsakiya kana dannawa da babban yatsa. Dannawa, ba ja ba. Robar da aka ja ta miƙe, bayan mako za ta koma tsawonta ta bar kusurwa a buɗe. In tana gardama, ɗan ruwan sabulu ko hoda ko gilisarin ya isa. Kada ka sa giris ko baƙin mai ko basilin, domin EPDM ba ta shiri da duk abin da aka samo daga fetur, kumbura take ta yi laushi. Gam ma ba a buƙata. In wata kusurwa na zamewa, ɗigo ɗaya na gam ɗin roba a gefen gilashi, ba a gefen mota ba.

Ɗaurin notuna shi ne wurin da na fi ganin an yi asara. Ina yaro a wurin maigidana, na taɓa ɗaure wata fitila da dogon hannu, ina ganin ƙarfi shi ne inganci. Sai na ji ƙas, ƙaramar ƙara kamar an taka ƙwan tsaka. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, bai ɗaga murya ba. Ya karɓi sifanar, ya miƙo mini soket marar hannu, ya ce daga yau da yatsu uku zan riƙa ɗaure fitila. Har yau haka nake yi. Ka sa duk notunan da hannu tukuna, kowanne da washarsa, ba tare da ka matse ko ɗaya ba. Ka fita ka duba ko gilashin ya zauna daidai da layin murfi da na ɗaya gefen, ka duba ko leɓen roba bai naɗe a wani wuri ba. Sannan ka fara daga na tsakiya, sama da ƙasa, kana tsallakawa zuwa gefe, rabin juyi rabin juyi, zagaye biyu ko uku. Inda ake tsayawa shi ne inda roba ta matsu kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurinta, gilashi kuma ya daina motsi in ka girgiza shi. In ka matse ta har ta zama faifai, ka kashe tsallen da ka saya da kuɗinka. Ka zura siririyar takarda a wurare daban-daban tsakanin roba da ƙarfe. Inda ta shige ba tare da turjiya ba, akwai kafa, kuma maganinta duba leɓen ƙarfe ne, ba ƙara ɗauri ba.

Kafin ka mayar da allon ƙwayaye, ka goge bakin ƙarafansa su yi haske, ka duba wayar as, wato mai mayar da wuta jikin mota, wadda a motocin Jamus ruwan ƙasa ce. Fitilar da ta daɗe tana shan danshi, as ɗinta ne ke fara rauni, shi ya sa za ka ga an taka birki sigina na lumshe ido, ko an sa sigina duk fitilun na rawa tare. Kowane ƙwai a mayar da mai wat ɗin da aka rubuta. Mai wat 21 a gurbin ƙaramin ƙwai narkar da gilashi yake yi. Ka sa wani ya tsaya a baya ku gwada birki da sigina da ribas da danja ɗaya bayan ɗaya, tun kafin masu fahas, wato masu binciken lafiyar mota na hukuma, su gwada maka. In kana da niyyar hawa da ita Ɗa'if ta hanyar Hada, inda hazo kan sauko har ba ka ganin motar gabanka, wannan gwajin ya fi fentin muhimmanci.

Daga nan ka maimaita gwajin hoda da tiyo kamar farko. Ka ce wa masu wanki su daina kafa bakin tiyo mai ƙarfi a bakin fitila, ba a yi robar wancan zamani don shi ba. Bayan mako guda, roba ta zauna, ka sake taɓa notunan da yatsun nan uku, wataƙila su karɓi rubu'in juyi. Sau biyu a shekara, kafin zafi da bayansa, ka shafe abin da ke bayyane na robar da gilisarin. In ka cire fitilar hagun, ka turo mini hoton leɓen ƙarfen da rula a kansa da kuma hoton gindin ƙusoshin, tun kafin ka yi oda, in gaya maka ko roba kaɗai za ka saya ko har da gilashi.